Neman Gurbi a Makarantun Wasan Kwaikwayo, Kiɗa da Rawa Daga Nesa: Tambayoyi da Amsoshi

Da gaske mutum zai iya neman gurbi a irin waɗannan makarantu ba tare da ya taka ƙafa ya je ba?

Zai iya, aƙalla a zagayen farko. Tun kafin annobar korona, manyan makarantun kiɗa na Amurka kan nemi ɗalibi ya fara aiko da bidiyo domin su tace kafin su gayyaci kowa. Da aka rufe iyakoki a 2020 sai kusan komai ya koma intanet, kuma bayan an buɗe, makarantu da dama ba su koma gidan jiya gaba ɗaya ba, domin sun ga bidiyo na kawo musu masu basirar da kuɗin jirgi ke hana su zuwa.

Sai dai a bambance abu uku. Akwai bidiyon tacewa, wanda aikinsa kawai ya sa a gayyace ka ko a bar ka. Akwai bidiyon da shi ne gwajin kansa, a kansa za a yanke hukunci. Akwai kuma gwaji kai-tsaye ta Zoom, kana wasa malamai na kallonka. Makarantun wasan kwaikwayo da na rawa da yawa har yanzu sun fi son zagayen ƙarshe ya kasance ido da ido, don su ga yadda kake aiki cikin mutane. Gani ya kori ji, kuma bidiyo rabin gani ne.

Ta ina ake shigar da takardu, kuma yaushe?

Ya danganta da ƙasa. A Birtaniya akwai shafin UCAS Conservatoires, inda ake zaɓar kwasa-kwasai har shida da takarda ɗaya. Ta nan ake neman Royal Academy of Music da Royal College of Music na Landan, da Royal Conservatoire of Scotland da ke Glasgo. Masu neman kiɗa ana rufe musu ƙofa tun farkon Oktoba, wato kusan shekara guda kafin a fara karatu. Wasu makarantun, irin su RADA (makarantar wasan kwaikwayo) da Guildhall (ta kiɗa da wasan kwaikwayo) da ke Landan, ta shafinsu na kansu ake nema. A Amurka kuwa ranar 1 ga Disamba ce ranar da yawancin manyan makarantun kiɗa ke rufe karɓar takardu da bidiyon tacewa, wasu kuma kan karɓi bidiyon ta wani dandali mai suna Acceptd.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne jami'o'in da ke da sashen wasan kwaikwayo ko kiɗa a cikinsu. A nan ƙofa biyu ce: jami'a ta karɓe ka bisa sakamakon karatunka, sashe kuma ya karɓe ka bisa gwaji. Kana iya tsallake ɗaya ka faɗi ɗaya. Ga kuma wasiƙun shaida daga malamai, da jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL ga wanda aka nema daga gare shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma malamin da ka roƙa ya rubuta maka wasiƙa saura kwana biyu a rufe, abin da zai rubuta ba zai wuce na kwana biyu ba.

Me ake so a gani a cikin bidiyon?

Abin da aka rubuta a shafin makarantar, ba ƙari ba ragi. Wannan amsa ta yi kama da raini, amma a nan ake zubar da mutane da yawa. Ɗan wasan kwaikwayo galibi ana neman ya kawo jawabai biyu na mutum ɗaya masu bambancin yanayi, ɗaya daga tsofaffin wasanni na zamanin Shakespeare, ɗaya na zamani, kowanne kimanin minti biyu. Mai neman wasan da ake haɗawa da waƙa zai ƙara da gajerun yankuna na waƙoƙi biyu, mai sanyi da mai zafi, wani lokaci har da rawa. Makaɗi akwai jerin kiɗe-kiɗen da aka ƙayyade wa kowane kayan kiɗa. Mai rawa kuwa dole jikinsa duka ya fito, daga kai har tafin ƙafa, ba tare da kyamara ta yanke masa hannu in ya miƙa ba.

Idan aka ce minti biyu, to minti biyu. Idan aka ce ɗauka ɗaya ba yanka, kada ka yanka ka liƙa, domin masu kallon nan sun ga dubbai, ɗan tsallen hoto ba ya ɓoye musu. Wanda ya karya ƙa'ida a bidiyo ya riga ya gaya musu irin ɗalibin da zai zama.

Ba ni da kyamara mai tsada ko ɗakin ɗauka. An bar ni a baya ke nan?

A'a. Waya mai kyau ta isa, makarantun da kansu suna faɗin haka. Abin da ke kashe bidiyo ba arhar kyamara ba ne, rashin lura ne.

Ka kwantar da wayar a gicciye, ka ɗora ta a kan abu tsayayye daidai tsayin idonka, kada wani ya riƙe maka hannunsa na rawa. Taga ta kasance a gabanka. In tana bayanka za ka fito baƙi ƙirin kamar inuwa. Bango fili, babu labule mai zane, babu wanda ke wucewa ta baya. Ka fara da faɗin sunanka da abin da za ka gabatar kana duban kyamara, a natse, kamar mai gaisawa da baƙo. Da ka shiga jawabin sai ka kau da ido kaɗan zuwa gefen kyamara, inda ka ajiye wanda kake yi wa magana a zuciyarka. Wasu kan manna ƙaramar takarda a bango daidai wurin don kada ido ya yi ta yawo.

Sauti ya fi hoto muhimmanci, musamman ga mawaƙi da makaɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye lasifikar kiɗan rakiya kusa da wayar, sai kiɗa ya danne murya. Ka matsar da ita bayanka ko gefe. Kuma wayoyi da yawa kan daidaita ƙarar sauti da kansu, su ɗaga na ƙasa su danne na sama, sai duk hawa da saukar da ka sha wahalar koya su baje su zama ɗaya. Ƙaramar makirfo ta waje kan magance wannan. Ka yi ɗaukar gwaji, ka saurara da abin sa wa a kunne, kafin ka ɓata ƙarfinka.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: damar sake ɗauka tarko ce. Mutum ya yi ɗauka arba'in yana neman wadda babu tuntuɓe, ya ƙare da wadda babu rai. A ganina, in ka wuce biyar ko shida a rana ɗaya, ka ajiye sai gobe. Sau da yawa ta biyu ko ta uku ce mai kyau, ko da akwai ɗan kuskure a ciki.

Gwajin kai-tsaye ta Zoom fa?

Zoom an gina shi ne don magana, saboda haka yakan ɗauki dogon sautin goge ko sarewa a matsayin hayaniya ya shafe shi. Akwai saitin da ke barin sauti yadda yake domin makaɗa, ka kunna shi tun kafin ranar. Jinkirin intanet kuma ba ya barin wani ya raka ka da piyano daga can, don haka kiɗan rakiyar a ɗakinka zai tashi, daga wata na'ura dabam.

Ka kula da agogo. Amurka kan tura agogonta gaba ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, Turai kuwa sai Lahadin ƙarshe na Maris, ga shi lokacin ana tsakiyar kiran zagaye na biyu. Bambancin awannin da ka lissafa a Janairu yana iya canzawa.

In malami ya katse ka ya ce sake yi, amma wannan karon kamar kana rarrashin ƙaramin yaro, kada gabanka ya faɗi. Ba kushe ba ne. Yana so ya ga ko kana jin gyara, kuma wannan ya fi masa jawabin da ka haddace.

Na aika komai. Yaushe zan ji sakamako?

Kowace irin makaranta da kalandarta, kuma sanin kalandar shi ne rabin maganin fargaba. Makarantun kiɗa na Birtaniya kan yi gwaji a Nuwamba da Disamba, da yawa su ba da amsa kafin ƙarshen shekara ko farkon Janairu. A Amurka sakamakon tacewa kan fito tsakanin ƙarshen Disamba da Janairu, a yi gwaji daga Janairu zuwa farkon Maris, hukuncin ƙarshe ya fito wajajen 1 ga Afrilu. A wannan tsakanin ne ake yin gwajin haɗaka da ake kira Unifieds a Niyok da Shikago da Los Anjalas, inda makarantun wasan kwaikwayo da yawa ke taruwa wuri ɗaya. Makarantun wasan kwaikwayo na Birtaniya su ne masu jan rai: gwajin RADA kan kai zagaye huɗu, mutum ya nema a kaka, ya kai bazara bai san matsayinsa ba.

Abokina da muka nema tare an kira shi, ni shiru. Shi ke nan an watsar da ni?

Mun saba cewa shiru ma amsa ce. A wannan harka ba haka ba ne. Bidiyoyi rukuni-rukuni ake kallonsu, kuma malamai daban-daban ke kallo: masu piyano na iya gama nasu makonni kafin masu murya su zauna. Wasu makarantun na sakin amsa a hankali yadda suka gama, wasu na riƙe duka sai rana ɗaya. Akwai kuma wanda aka ajiye a tsakiya, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba, ana jira a ga sauran masu nema kafin a yanke. Wannan ya fi kowa daɗewa, alhali yana kusa da shiga.

Na san yadda abin yake: ƙarfe uku na dare mutum ya farka ya lalubo waya, ya shiga shafin, ya ga kalmar nan ɗaya da ke nan tun makonni shida, ya fita, bayan minti goma ya sake shiga. Abin da ya fi wannan amfani shi ne ka leƙa akwatin saƙonnin banza na imel ɗinka sau ɗaya a rana, domin gayyata kan faɗa can kuma tana da wa'adin amsawa. Ka tabbatar kuma babu takardar da shafin ke nuna ba ta iso ba. Fayil da bai cika ba, ba a ma buɗe shi.

Zan iya rubuta musu in tambaya?

In ranar da suka ɗiba ta wuce, ƙwarai, saƙo ɗaya gajere zuwa ofishin ɗaukar ɗalibai, da cikakken suna da lambar takardarka. Haka in wata makaranta ta ba ka gurbi da wa'adi, ka sanar da su ranar. Kafin nan ka bar su. Kuma ɗalibi ne zai rubuta, ba iyaye ba.

Amsa ta zo, amma ba e ba ce kuma ba a'a ba. Me ake nufi?

UCAS Conservatoires na da tayi iri huɗu: gurbi tabbatacce ba sharaɗi, tabbatacce da sharaɗin cin jarrabawa, sai na 'yan benci, shi ma da sharaɗi ko babu. Ɗan benci ya kai matsayin da ake so, wuri ne babu, sai wani ya janye. Tsarin ya yarda ka riƙe na benci a matsayin zaɓin farko, ka ajiye tabbatacce a matsayin na biyu. A Amurka jerin 'yan jira kan motsa ne bayan 1 ga Mayu, ranar da masu digirin farko ke ba da amsar ƙarshe. Masu digiri na biyu da aka ba tallafi kuwa 15 ga Afrilu ce tasu. Don haka kada ka saki gurbin da ke hannunka saboda wanda kake hange. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Dalilin wannan matsi shi ne ƙarancin kujeru. RADA ɗalibai 28 take ɗauka a shekara a kwas ɗin wasan kwaikwayo, sashen wasan kwaikwayo na makarantar Juilliard da ke Niyok kuwa kimanin 18, masu nema kuma dubbai. Sannan ba jerin gwanaye kawai suke yi ba, tawaga suke haɗawa wadda za ta yi wasanni tare shekara uku ko huɗu. A kiɗa ma haka: in malamin sarewa kujera biyu ta buɗe masa a bana, biyu zai ɗauka ko da goma sun cancanta. Shi ya sa sake nema shekara ta biyu ko ta uku ba abin kunya ba ne a makarantun wasan kwaikwayo, abu ne da aka saba gani.

In an ɗauke ni, an gama?

Saura kuɗi da biza. Ka karanta takardar tallafi da kyau kafin murna ta rufe maka ido. Makarantar kiɗa ta Curtis da ke Filadelfiya a Amurka ba ta karɓar kuɗin karatu tun 1928, makarantar wasan kwaikwayo ta jami'ar Yale ma ta daina karɓa a 2021 bayan kyautar dala miliyan 150 daga attajiri David Geffen, amma yafe kuɗin karatu dabam, kuɗin masauki da inshorar lafiya da jirgi dabam. Mai zuwa Amurka sai makaranta ta ba shi takardar I-20 kafin ya nemi bizar F-1, kuma ba za ta bayar ba sai ya nuna shaidar kuɗin shekarar farko. Mai zuwa Birtaniya lambar CAS, wadda da ita ake neman biza, zai jira daga makarantar, ita ma sai ya cika duk sharuɗɗan da aka gindaya masa. Wanda aka ɗauko daga benci a watan Yuli, makonni kaɗan ke gare shi ya haɗa duk wannan, don haka fasfo da takardun banki su kasance a shirye tun yana jira.