Waiwaye: Inda Giɓin Kasafin Kuɗin Najeriya Ya Samo Asali

Kafin a fara fitar da ɗanyen man Oloibiri da ke yankin Neja Delta a 1958, gyaɗa da auduga da koko ne ke ciyar da baitulmali, dalar gyaɗar Kano kuwa shaida ce. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a 1973, sai gwamnati ta juya wa gona baya. Rahoton kwamitin Udoji kan aikin gwamnati na 1974 ya kawo ƙarin albashi har da bashin watannin baya, ma'aikata suka cika kasuwa suna sayen babura da rediyo. Nan matsalar ta kafu: albashi in ya hau ba ya sauka, farashin gangar mai kuwa ba gwamnatin Najeriya ke yanke shi ba.

Da kasuwar mai ta karye, Shagari ya shigo da tsuke bakin aljihu a 1982, Babangida ya biyo da shirin sauya fasalin tattalin arziki na SAP a 1986, naira ta fara zubewa, bashin waje ya taru.

Lokacin Obasanjo an yi yunƙuri na gaske. A 2004 aka buɗe asusun rarar kuɗin mai, a 2005 ƙasashen Paris Club, masu bin Najeriya bashi, suka yafe mata dala biliyan 18. Wata doka ta 2007 ta ce kada giɓin kasafi ya wuce kashi 3 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Abin takaici, an riƙa rabe asusun tun mai yana da tsada, har faɗuwar farashin mai ta 2014 ta riske shi ba wani abin kirki a ciki, tattalin arziki ya durƙushe a 2016.

Daga nan sai cin bashi. Gwamnati ta ranci sama da naira tiriliyan 22 a Babban Banki, tallafin mai kaɗai ya lashe fiye da tiriliyan 4 a 2022. Tinubu ya cire tallafin ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma bar kasuwa ta tsayar da darajar naira. Kason da jihohi ke karɓa ya ƙaru, amma bashin da aka ci da dala ya ƙara nauyi in an lissafa shi da naira. Harajin cikin gida, wanda ya kamata ya riƙe kasafi ko mai ya faɗi, har yau yana cikin mafi ƙanƙanta a Afirka, ga kuɗin ruwan bashi ana cirewa kafin a zo kan asibiti da makaranta.