Jar giyar inabin da ba ta kwana a gangar katako ba: tambayoyi a kan Dolcetto na Italiya

Hukuncin giya ga Musulmi sananne ne, haramun ce, kuma ba shi muka zo tattaunawa ba. Sai dai a arewa maso yammacin Italiya akwai ƙauyukan da inabi ne geronsu, shi ne dawarsu, kuma 'yan Afirka da yawa suna cin abinci a gonakin nan lokacin girbi.

Mene ne Dolcetto?

Sunan wani nau'in baƙin inabi ne da ake nomawa a yankin Piemonte, musamman tuddan Langhe, kewayen garuruwan Alba da Dogliani, kudu da birnin Turin. Da sunan inabin ake kiran giyar. Ma'anar kalmar ita ce "ɗan mai zaƙi", amma giyar ba ta da zaƙi, domin yis ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa. Yawan barasar kan kai kashi 12 zuwa 13 da ɗoriya cikin ɗari.

Daga ina jan launin yake fitowa?

Daga ɓawo. In ka matse ƙwayar baƙin inabi, ruwan da zai fito kusan fari ne. Sai an bar ruwan ya tsimu tare da ɓawon na wasu kwanaki kafin ya rine. Daga ɓawon da 'ya'yan ciki ne kuma baurin yake fitowa, irin wanda ke kama harshe in mutum ya tauna goro.

To me ake nufi da cewa ba ta shiga katako ba?

Duk wanda ya sha ruwan randa ya san ba ɗaya yake da na jarka ba: mazubi yana ba abin da ke cikinsa ɗanɗano. Haka gangar da aka yi da itacen da Italiyawa ke kira rovere. Mai haɗa gangar yakan gasa cikinta da wuta, don haka giyar da ta kwana a ciki takan ɗauki ƙamshin vanila da na hayaƙi, kuma iska kaɗan tana ratsa katakon tana tausasa baurin a hankali. Ƙaramar gangar da aka aro daga Faransa tana cin lita 225, kuma saboda ƙanƙantarta ta fi manyan gangunan gargajiya barin ƙamshi.

Dolcetto kuwa galibi a tankin ƙarfen da ba ya tsatsa ake ajiye ta, wasu a tankin siminti. Ƙarfe ba ya ƙara komai, ba ya rage komai. Abin da ya rage shi ne ƙamshin inabin kansa da ɗan ɗaci a ƙarshe. Shi ya sa ake cewa sabuwa ce: cikin shekara ɗaya ko biyu ake shanye ta, ba ta jiran tsufa.

Ashe ba rowa ba ce, tunda ganga tana da tsada?

Lissafi ne na manomi. A tuddan nan kuma ake noman Nebbiolo, inabin da ake yin Barolo da shi, giyar da ta fi kowace suna a yankin. Doka ta ce Barolo sai ta yi wata 38 kafin a sayar, 18 daga ciki a katako. Iyalin da suka girbe Nebbiolo a Oktoba za su jira fiye da shekara uku kafin su ga ko kwabo. Dolcetto yana riga shi nuna da makonni, ana tsinkarsa a Satumba, yana jure gangaren da rana ba ta buga shi sosai, kuma kafin girbi na gaba giyarsa ta shiga kasuwa. Wato shi ne wake da gyaɗar gidan, abin da ake biyan ma'aikata da kuɗin man tarakta da shi, yayin da babbar hajar take kwance a ɗakin ƙasa. Giyar Dolcetto ce kuma manoman suke ɗorawa a teburinsu kullum, Barolo sai ranar biki.

A ganina abin da ke cutar Dolcetto ba ganga ba ne, farashin ƙasa ne. Tunda Barolo ta yi tsada, manoma da dama sun tumɓuke Dolcetto sun shuka Nebbiolo.

Me ya sa gonakin iyali suka yi yawa a can?

Da can talakawa kan noma gonar mai ƙasa a raba amfani biyu, tsarin da ake kira mezzadria. A 1964 aka hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan. Ko masu ƙananan gonaki na kansu, yawanci sayar wa manyan dillalai inabin suke yi. Sai a hankali 'ya'ya da jikoki suka soma zuba tasu giyar a kwalba da sunan gidansu. Abin da ya faru a 1986 ya ƙara tura masu saye wajensu: wasu 'yan kasuwa a Piemonte suka gauraya giya mai araha da sinadarin metanol mai guba, mutane suka mutu, wasu suka makance. Daga nan mai saye ya fi son sanin gidan da kwalbar ta fito. 

Iyalin ne kaɗai ke yin aikin?

A'a. Tuddan suna da gangare, yawancin girbi da hannu ne, da almakashi da akwatin roba. Baƙi ne ke cike gurbin: 'yan Masedoniya, 'yan Romaniya, da 'yan Afirka ta Yamma. Akwai 'yan kwangilar da ke kwaso ma'aikata su zaftare musu lada, abin da Italiyawa ke kira caporalato. Dokar da aka yi a 2016 ta ce laifin ba a kan ɗan kwangila kaɗai yake ba, har da mai gonar da ya ci moriyar aikin.