Dogon farcen kunkuru ba alamar tsufa bane

Wai don Allah waye ya fara cewa in farcen kunkuru ya yi zaƙo-zaƙo har ya lanƙwashe alamar ya tsufa ne? Tun muna yara a Kano muke jin wannan maganar, kuma wallahi ba haka bane. Kunkurun nan namu na Sahel gwanin tono ne, a daji rami yake haƙawa mai zurfi ya ɓuya daga zafin rana, ƙasa da tsakuwa su suke cinye masa farcen. To kai ka ɗauko shi ka ajiye a tsakar gidan da aka malale da tayil, santsi ko ina, me zai goge farcen? Sai dai ya yi ta tsawo, ƙafar ta fara karkacewa, ka ganshi yana tafiya yana zamewa kamar wanda ya ari takalmin yayansa.

Ga kuma masu ɗauko reza su datse shi tun daga gindi. Haba jama'a, akwai jijiyar jini a cikin farcen nan, in ka taɓa ta jini zai zuba kuma zafi yake ji sosai, ihu ne kawai ba zai maka ba. Tsinin kaɗai ake ragewa, kaɗan kaɗan. In mace ce ma farcen ƙafar baya da shi take tona ramin ƙwai, a ƙyale mata abinta.

A ware masa gefe mai ƙasa, inda akwai rana da inuwa, da ruwa a faranti mara zurfi. In farcen ya riga ya naɗe kuwa sai likitan dabbobi.