Daga Akwatin Zaɓe Zuwa Kujera: Yadda Doka Ta Tsara Ƙaddamar Da Sabuwar Majalisar Dokokin Jiha

Mutumin da hukumar zaɓe ta ce ya lashe kujerar majalisar dokokin jiha bai zama ɗan majalisa ba tukuna, ko da magoya bayansa sun soma kiransa Honorabul tun daren da aka faɗi sakamako. A idon doka zaɓaɓɓe ne kawai, wanda ba shi da ikon gabatar da ƙudiri ko kaɗa ƙuri'a a kan wata doka, sai ya bi wasu matakai da kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya shimfiɗa. A zaɓen 2023 an kaɗa ƙuri'ar majalisun jihohi ranar 18 ga Maris, amma sai cikin watan Yuni aka ƙaddamar da sababbin majalisun, wato zaɓaɓɓun sun yi kusan wata uku suna riƙe da takardar shaidar cin zaɓe da INEC ta ba su, alhali tsofaffin 'yan majalisa suna nan a kan kujerunsu suna aiki.

Dalilin wannan jira yana cikin sashe na 105, wanda ya ce wa'adin majalisa shekara huɗu ne, kuma ana lissafa shi ne daga ranar da ta yi zamanta na farko. Ranar zaɓe ba ta shiga wannan lissafi, haka ma ranar 29 ga Mayu da ake rantsar da yawancin gwamnoni. Shi ya sa sabon gwamna kan shiga ofis ya tarar da tsohuwar majalisa da sauran kwanakinta, har ma ta iya amince masa da wata buƙata kafin ta rushe. Da zarar shekara huɗun sun cika, majalisar ta rushe ke nan, ba sai wani ya kore ta ba.

Yawan kujerun da za a cika shi ma doka ce ta ƙayyade shi. Sashe na 91 ya ce a ninka kujerun da jiha take da su a Majalisar Wakilai ta tarayya sau uku ko sau huɗu, da sharaɗin kada adadin ya gaza 24 kuma kada ya haura 40. Kano tana da kujera 24 a Majalisar Wakilai, wanda in an ninka sau uku zai ba da 72, amma iyakar doka ta tsayar da ita a 40, daidai da Legas. Bayelsa kuwa kujera biyar gare ta, ko an ninka sau huɗu 20 za a samu, sai aka ɗaga ta zuwa 24. Wannan lissafi yana da amfani nan gaba, domin duk wata taƙaddamar ranar ƙaddamarwa a kan waɗannan alƙaluma take juyawa.

Matakin farko yana hannun gwamna. Ƙaramin sashe na 3 na sashe na 105 ya ba wanda aka zaɓa gwamna ikon fitar da takardar shelar zaman farko na majalisa da zarar an rantsar da shi. A jihohin da zaɓen gwamnansu ya saɓa da na sauran ƙasa saboda hukuncin kotu, irin su Kogi, Edo, Anambra da Osun, gwamna mai ci ne yake fitar da ita a tsakiyar wa'adinsa. Ana aika takardar ga akawun majalisa, wanda wasu ke kira magatakarda, kuma shi ma'aikacin gwamnati ne da sashe na 93 ya tanadi ofishinsa, ba ɗan siyasa ba. Shi ne zai sanar da zaɓaɓɓu rana da lokaci, ya karɓi takardun shaidar cin zaɓensu, ya kuma tabbatar kowa ya bayyana kadarorinsa da basussukansa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, domin sashe na 94 ya sa wannan bayani a gaban rantsuwa.

A ranar zaman babu kakaki, babu mataimakinsa, babu shugaban masu rinjaye, saboda haka kujerar shugabanci takan kasance babu kowa a kanta, akawu ne yake jan ragama daga teburinsa. Yakan karanta takardar shelar gwamna, sannan ya kira sunayen zaɓaɓɓu mazaɓa bayan mazaɓa, kowa ya amsa, domin a san adadin waɗanda suka halarta. Daga nan sai ya nemi a gabatar da sunan wanda ake so ya zama kakaki. Wani ya miƙe ya ambaci suna, wani ya mara masa baya, wanda aka ambata ya tashi ya ce ya karɓa. Idan akawu ya sake tambaya ba a kawo wani suna ba, sai ya bayyana shi a matsayin zaɓaɓɓen kakaki ba tare da ƙuri'a ba. Idan kuwa an samu 'yan takara biyu ko fiye, sai a yi zaɓe bisa hanyar da ƙa'idojin zaman wannan majalisa suka tanada, domin kundin tsarin mulki bai ce a yi shi a asirce ko a bayyane ba. Abin da sashe na 92 ya ce kawai shi ne 'yan majalisa su zaɓi kakaki da mataimakinsa daga cikinsu.

Mai lura zai ga kamar an sa keke a gaban doki, in ji masu iya magana na zamani, tun da mutanen da ba a rantsar ba ne suke zaɓen shugaba. Doka ta ga wannan matsala ta kuma warware ta a fili. Sashe na 94 ya ce ɗan majalisa zai yi rantsuwarsa ne a gaban kakaki, to amma tun da ba za a sami kakaki ba sai an zaɓe shi, sai ya halatta wa zaɓaɓɓe abu guda tak kafin rantsuwa, wato shiga zaɓen kakaki da mataimakinsa. Su biyun sai su yi rantsuwa a gaban akawu, kakaki ya hau kujerarsa, sannan ya rantsar da saura. Rantsuwa biyu ce, kuma lafazinsu yana cikin jadawali na bakwai na kundin: ta biyayya ga Tarayyar Najeriya, da ta zama ɗan majalisa, inda mutum yake alƙawarin yin aiki da gaskiya da kare tsarin mulki. A Indiya tsarin ya sha bamban, domin can gwamna yakan naɗa kakakin wucin gadi, galibi wanda ya fi kowa daɗewa a majalisar, ya fara rantsar da mambobi, sannan a zo zaɓen kakaki na dindindin.

Inda gizo ke saƙar shi ne adadin mutanen da ake buƙata kafin zama ya inganta. Sashe na 96 ya ce kashi ɗaya bisa uku na dukkan mambobi ya isa a zaman da aka saba, amma gyaran kundin na 2023 ya ce a zaman ƙaddamarwa sai an sami kashi biyu bisa uku na zaɓaɓɓu, sashe na 98 kuma ya ce ana yanke al'amari da rinjayen waɗanda suka halarta suka kuma kaɗa ƙuri'a, sai inda kundin ya tanadi wani adadi na daban. Kafin wannan gyara, a majalisa mai kujera 24 mutum takwas sun isa a buɗe zaman farko, kuma bisa lissafi biyar daga cikinsu suna iya naɗa kakaki. Amma idan aka zo tsige shi, sashe na 92 ya ce sai an sami kashi biyu bisa uku na mambobin majalisar, wato mutum 16. A majalisa mai kujera 40, mutum 14 ne suke buɗe zaman farko a wancan lokaci, amma sai 27 za su iya sauke kakaki. A ƙarƙashin tsohon tsarin hawa da sauƙi, sauka da wuya, kuma duk ɗan siyasar da ya iya wannan lissafi ya san cewa wanda ya riga shiga zauren a ranar farko ya riga kowa a komai.

Abin da ya faru a Edo a 2019 ya nuna haka ƙarara. Dukkan kujeru 24 na jam'iyyar APC ne, saboda haka rikicin na cikin gida ne, tsakanin ɓangaren Gwamna Godwin Obaseki da na tsohon gwamna Adams Oshiomhole. A daren 17 ga Yuni aka ƙaddamar da majalisar da zaɓaɓɓu tara, suka zaɓi Frank Okiye kakaki, saura kuma suka ce ba a sanar da su lokacin ba. Majalisar Tarayya ta nemi gwamna ya sake fitar da wata takardar shela, ta kuma yi barazanar karɓe aikin majalisar jihar a ƙarƙashin sashe na 11, amma gwamna ya ƙi, babbar kotun tarayya da ke Fatakwal kuma ta yanke cewa ba a fitar da shelar sau biyu. Sakamakon shi ne mazaɓu 14 suka shafe shekaru babu mai magana da yawunsu a zauren. A watan Yunin 2019 ɗin Bauchi ta wayi gari da kakaki biyu, haka ma Nasarawa a Yunin 2023, inda kowane ɓangare ya yi nasa zaman a wuri daban.

A ganina giɓin ba ya cikin tsohon adadin kashi ɗaya bisa uku shi kaɗai, yana cikin shirun da kundin ya yi game da sanarwa. Bai faɗi kwana nawa za a ba zaɓaɓɓu kafin zama ba, bai faɗi ƙarfe nawa ba, bai kuma tanadi abin da za a yi idan gwamna ya ja ƙafa wajen fitar da shela ba. Ya bar buɗe ƙofar majalisa a hannun mutumin da majalisar za ta sa wa ido, ya kuma ɗora nauyin adalcin ranar a wuyan akawu, wanda ma'aikaci ne da ke da nasa tsoron. A jihar Minnesota ta Amurka, inda sai fiye da rabin mambobi sun halarta zama yake inganta, rikicin yakan ɗauki siffa ta daban: a Janairun 2025 'yan jam'iyyar Democrat suka ƙaurace wa zaman farko na majalisar wakilan jihar, 'yan Republican 67 suka zauna suka zaɓi kakaki, sai Kotun Ƙolin jihar ta ce a majalisa mai kujera 134 dole a sami 68. Can makamin ɗan siyasa shi ne ƙin zuwa, a nan kuwa sammako ne.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk ɓangaren da ya riƙe sandar majalisa shi ne halattacce, shi ya sa ake kokawa a kanta. Sandar alama ce ta ikon majalisa, kuma bisa al'ada da ƙa'idojin zama ba a yin zama sai an ajiye ta a kan tebur, amma kundin tsarin mulki bai ambace ta ko sau ɗaya ba. Haka nan muƙaman shugaban masu rinjaye, shugaban marasa rinjaye da bulaliyar majalisa, jam'iyyu ne suke fitar da su, kakaki ya karanta sunayen a zaure, kuma tushensu yana cikin ƙa'idojin da sashe na 101 ya ba kowace majalisa ikon tsara wa kanta. Daga cikin irin waɗannan ƙa'idoji akwai fifita tsofaffin mambobi a kan sababbin shiga wajen neman kujerar kakaki, abin da wasu majalisu suke bi, ko da yake kundin bai shardanta shi ba.

Tambayar da ke biyo baya ita ce ko kakaki zai iya ƙin rantsar da wani zaɓaɓɓe. Kundin bai ba shi aikin tantance wanda ya ci zaɓe ba. Sashe na 285 ya damƙa wannan ga kotun sauraren ƙararrakin zaɓe, wadda ake shigar da ƙara a gabanta cikin kwana 21 bayan bayyana sakamako, ta yanke hukunci cikin kwana 180, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta kammala cikin kwana 60, kuma a shari'ar ɗan majalisar jiha daga ita babu gaba. Wannan yana nufin ana rantsar da mai riƙe da takardar INEC ko da ana ƙalubalantar nasararsa, ya ci gaba da zama har kotu ta ce ya tashi. Idan hukunci ya juya, hukumar zaɓe takan ba wanda ya yi nasara sabuwar takarda, kakaki ya rantsar da shi a zaman da aka saba ba tare da wata sabuwar shela ba, kuma abin da zai samu shi ne ragowar wa'adin majalisar, ba sabuwar shekara huɗu ba. A Filato an ga yadda wannan zai iya sauya fasalin majalisa baki ɗaya, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen mambobi 16 na PDP a ƙarshen 2023.

Bayan rantsuwa sai majalisa ta sanar da gwamna cewa ta kafu kuma ta shirya karɓar saƙonsa, ta kafa kwamitoci a ƙarƙashin sashe na 103, ta kuma yanke ko za ta ƙara wani harshe a kan Turanci wajen muhawara, domin sashe na 97 ya yarda a yi amfani da harshen da ake magana da shi a jihar idan majalisa ta amince da ƙudiri. Daga nan agogo biyu suke fara tafiya. Dole majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma ɗan majalisar da ya yi fashin fiye da kashi ɗaya bisa uku na kwanakin zama ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba zai iya rasa kujerarsa bisa sashe na 109. Aikin farko mai nauyi galibi shi ne tantance kwamishinoni, tun da gyaran kundin na 2023 ya wajabta wa gwamna miƙa sunayensu cikin kwana 60 bayan rantsar da shi, kuma idan majalisa ta yi kwana 21 na aiki da sunayen a hannunta ba ta ce komai ba, doka tana ɗauka ta amince.