Me ake nufi da sassaƙe?

Idan 'yar mai ganye ta ce maka "ka samo sassaƙen maɗaci ka jiƙa", ɓawon jikin bishiyar take nufi, wanda aka saro da gatari ko adda don yin magani. Kalmar daga "sassaƙa" ta fito, aikin masassaƙin turmi da taɓarya. Sai dai ba busasshen ɓawon waje da ke ɓarewa da kansa ake nema ba. Na cikin ake so, ɗanye, mai danshi, wanda a maɗaci za ka gan shi ja-ja, in ka lasa ɗacinsa ya wuni a bakinka.

Ana shanya shi a daka, ko a dafa da jar kanwa, ko a jefa cikin ruwa ya kwana ya zama jiƙo. In ya daɗe a ruwan har ya yi ƙarfi, ya koma tsimi ke nan. Maɗaci an san shi da ciwon ciki da zazzaɓi, marke da tari, ararrabi kuwa masu jego da masu basir sun san shi. Ba mu kaɗai ba ne. Kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, daga sassaƙen wata bishiyar Kudancin Amurka aka tace shi a Faransa a 1820.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗibarsa yanzu. Masu maganin da can kan ce a sassaƙo "gabas da yamma", wato kaɗan ta nan, kaɗan ta can, a bar sauran jikin. Wasu na ɗaukar wannan camfi ne kawai, amma akwai hikima a ciki. Abincin da ganye ke haɗawa ta wannan ɓawon na ciki yake gangarawa zuwa saiwa. In an bar gefe biyu lafiya, hanya ba ta yanke ba, raunin kuma a hankali zai rufe. In aka zagaye gindin aka feɗe shi kaf, saiwa ta rasa abinci ke nan. Bishiyar za ta yi ta tsayuwa da ganyenta kore shar kamar ba abin da ya same ta, sai bayan damina ɗaya ko biyu a ga ta bushe a tsaye.

Ka duba tsofaffin maɗatan bakin titi a Kano ko Zariya. Da yawansu, iya inda hannun mutum ke kaiwa, babu sauran ɓawo sai tsurar itace.