Gishiri, yashi da garin ƙarfe a kwano ɗaya: ta ina za a fara?

Duk shekara sai an ba 'yan SS1 wannan aikin gida na kemistiri, kuma a WAEC da NECO ma yana leƙowa. Ga abin da ɗalibaina a nan Katsina suka fi tambaya ta a kai.

Malam, an haɗa mana gishiri, yashi da garin ƙarfe an ce mu raba, me zan fara yi?

Maganaɗisu tukuna, tun kayan suna bushe. Ka naɗe shi cikin leda kafin ka bi ta kan garin, in ya kwashe ƙarfen sai ka zare shi daga ledar garin ya zube da kansa, in ba haka ba wallahi sai ka wuni kana tsince shi da farce. Daga nan ka zuba ruwa ka motsa, gishiri zai narke yashi kuwa ko gezau. Sai ka tace da takardar tacewa a cikin mazurari, yashi ya tsaya a sama, ka ɗauraye shi da ruwa kaɗan ka shanya. Ruwan da ya sauka ka ɗora a wuta har ya ƙafe, amma in ya kusa ka rage wutar, dan gishirin fara tartsatsi yake yana fita daga kwanon.

To in aka ƙara amoniyam kulorayid, wannan farin sinadarin mai kama da gishiri, fa?

Nan ne yara da yawa ke asarar maki kuma abin yana min ciwo dan ba wuya gare shi ba. Shi ma yana narkewa a ruwa kamar gishiri, in ka riga ka zuba ruwa shikenan ka haɗe su. Dan haka bayan maganaɗisu wuta ce ke biye: ka kife mazurari a kan kwanon, ka toshe bakin da auduga, ka ɗumama. Zai tashi hayaƙi ba tare da ya zama ruwa ba, ya je ya daskare fari fat a jikin gilashin. Sannan ne ruwa zai shigo.

Me zai hana in tace ruwan gishirin kawai?

Abin da ya narke takarda ba ta tare shi, tare da ruwan zai wuce.

In ruwan nake so ya dawo ba gishirin ba?

Sai ka tafasa, ka bi da tururin ta bututu mai sanyi ya koma ruwa a wata kwalbar. In ruwa biyu ne suka gauraya, kamar itanol (sinadarin barasa) da ruwa, sai a duba inda kowanne ke tafasa: itanol a digiri 78, ruwa a 100, kaga itanol zai riga tashi. Da wannan dabarar matatar mai ke fitar da fetur da kananzir da gas daga ɗanyen mai. Kananzir da ruwa kuwa ba sa haɗuwa, mazurari mai famfo ya isa, ruwa na ƙasa shi za a fara saki.

Makarantarmu ba kayan gwaji Malam, ya zan gane?

Ka tsaya ka kalli inna in tana rege gero a ƙwarya, tsakuwa ta fi nauyi sai ta kwanta a ƙasa. Na gishiri da yashin ma za ka iya yi a gida da ƙyalle mai tsafta da tukunya, maganaɗisu kuma masu gyaran rediyo ba sa rasa na tsohuwar sifika. Wajen rubuta amsa dai kowane mataki ka faɗi dalilinsa, ƙarfe maganaɗisu na jan shi, gishiri na narkewa yashi ba ya narkewa, a nan makin yake.