Rikicin Kerkeci da Makiyaya a Turai

Rikicin kerkeci da makiyaya saɓani ne da ya kunno kai a ƙasashen Turai tun wajajen 1990, sa'ad da kerketai suka fara komawa yankunan da aka daɗe da ƙarar da su. Masu kiwon tumaki da awaki da mafarauta suna gefe guda, masu rajin kare namun daji suna ɗaya gefen, gwamnatoci kuma suna shan suka daga kowane ɓangare. Kerkecin da ake nufi a nan shi ne mai ruwan toka na ƙasashen sanyi, ɗan'uwan karen gida, ba na dajin Afirka mai dabbare-dabbare ba.

Ɓacewarsa da dawowarsa

Turawa sun shafe ƙarnoni suna yaƙar kerkeci da tarko da guba da bindiga, har lada hukuma ke ba wanda ya kawo gawarsa. Kafin tsakiyar ƙarni na 20 an shafe shi a Jamus da Faransa da Suwizalan. Ya saura ne a gabashin Turai, da arewa maso yammacin Sifaniya, da tsaunukan Italiya, inda a shekarun 1970 waɗanda suka rage ba su wuce kimanin 100 ba.

Yarjejeniyar Bern ta 1979 kan kare namun daji da dokar Tarayyar Turai ta 1992 sun haramta kashe shi a yawancin ƙasashen. Sai dai ba doka kaɗai ta dawo da shi ba. Mutanen karkara sun yi ta ƙaura zuwa birane, gonakin kan tudu suka koma daji, barewa da aladen daji suka yawaita, abinci ya samu. Kerkeci kuwa gwanin tafiya ne: wani da aka ɗaura wa na'urar bin sawu a Sulobeniya, mai suna Slavc, ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000 tsakanin 2011 da 2012 kafin ya zauna a arewacin Italiya. Da ƙafarsu kerketai suka tsallako daga Italiya zuwa gandun dajin Mercantour na Faransa a 1992, a 2000 kuma aka ga 'ya'yan farko a wani filin atisayen soja a jihar Saxony ta Jamus. Ƙiyasin Hukumar Tarayyar Turai ya nuna akwai kerketai kusan 20,300 a ƙasashenta a 2023, daga wajen 11,000 a 2012.

Inda gizo ke saƙa

Alƙaluman hukumar sun ce kerketai na kashe dabbobin kiwo kusan 65,000 a shekara, mafi yawansu tumaki da awaki. In aka gwada da miliyoyin tumakin Turai, wannan bai taka kara ya karya ba, kuma hujjar da masu kare kerkeci suka fi kawowa ke nan. Amma asarar ba a raba ta daidai. Tana taruwa ne a kan 'yan ƙananan makiyayan tsaunuka, kuma kerkeci in ya faɗa garken da ba shi da wurin gudu yakan kashe fiye da abin da zai ci. Diyya tana biyan kuɗin tunkiyar da aka ga gawarta. Wadda ta ɓata a dutse, ko ta yi ɓari saboda firgici, da wuya a lissafa ta.

Babbar matsalar ita ce shekarun da aka yi babu kerkeci sun sauya tsarin kiwon. A wurare da yawa na tsaunukan Alps an saba a kai tumaki wurin kiwo da bazara a bar su, mai su ya riƙa leƙowa jefi-jefi. Yanzu dole a ɗauki makiyayi ya kwana da su, a kafa shingen lantarki, a ajiye manyan karnukan gadi irin wanda Faransawa ke kira patou. Gwamnati na tallafawa, amma wahalar a wuyan makiyayi take, ga karnukan su kansu sukan ciji masu yawon buɗe ido, a koma kotu. Harin kerkeci a kan mutum kuwa abu ne da ba kasafai ake gani ba a Turai ta yau, ko da yake tsoron yana nan daram.

Siyasa

A Satumbar 2022 kerkeci ya kashe wata tsohuwar ƙaramar godiya mai suna Dolly, mallakar shugabar Hukumar Tarayyar Turai Ursula von der Leyen, a jihar Lower Saxony. A ƙarshen 2023 hukumarta ta nemi a sassauta kariyar da doka ta ba kerkeci, masu suka suka ce ramuwar gayya ce, duk da cewa ƙungiyoyin manoma sun jima suna matsa lamba. A Disambar 2024 ƙasashen Yarjejeniyar Bern suka amince a sauko da kerkeci daga matsayin cikakkiyar kariya zuwa kariya ta gama-gari, matakin ya fara aiki a Maris na 2025, da sharaɗin kowace ƙasa ta tabbatar irinsa bai ƙare ba.

Faransa dama tana ƙayyade adadin da za a iya harbewa kowace shekara. A 2024 kashi 19 cikin 100 ne na kerketan ƙasar, waɗanda yawansu ya kai wajen 1,000. Da yawa daga cikin harbin 'yan sa-kai ne ke yin sa, masu riƙe da muƙamin farautar kerkeci da ake danganta asalinsa da zamanin Sarki Charlemagne, wanda ya mulki Faransa da kewayenta shekaru sama da 1,200 da suka wuce.